Ƙarfe Biyu da Rabi na Dare: Tarihin Rashin Barcin Mata a Shekarun Ɗaukewar Al'ada

Ƙarfe biyu da rabi na dare kika farka. Babu kukan yaro, domin autanki ma ya shiga sakandare. Wani zafi ne ya taso miki daga ƙirji, ya haura wuya, ya mamaye fuska, kafin ki ankara rigar barcinki ta jiƙe sharkaf, zuciya tana dukan uku-uku kamar wadda ta yi gudu. Kika yaye mayafi. Bayan minti uku ko huɗu zafin ya wuce, sanyi ya biyo bayansa, kika sake jawo mayafin. Daga nan ido ya bushe. Kina kwance kina lissafin kuɗin makaranta da bikin da ke tafe, har ladan ya yi kiran assalatu.

'Yar'uwa, idan shekarunki suna tsakanin 45 da 55, al'adarki kuma ta fara yi miki wasan ɓuya ko ta ɗauke ɗungurungum, to kin shiga sahun da ya fi ƙarfin ƙirga. Wani bincike da Friday Okonofua da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 ya nuna cewa matan kudu maso yammacin Najeriya suna yanke al'ada a wajajen shekara 48. A Amurka kuwa, da aka tambayi mata 12,603 masu shekaru 40 zuwa 55, kashi 38 cikin ɗari sun ce barci yana ba su wahala. Likitoci sun shafe shekara ɗari biyu suna kokawa da wannan daren naki, kuma ya dace ki san yadda aka yi, domin kusan kowane kuskuren da suka tafka a hanya yana nan da ransa a gidajenmu da shagunan kemis ɗinmu.

Tun kafin likitocin Turai su raɗa wa abin suna, malaman fiƙihu sun yi magana a kansa. Alƙur'ani mai girma ya ambaci matan da suka yanke tsammanin haila a Suratuɗ Ɗalaƙ, wajen bayanin idda. Malaman Malikiyya kuma suka ce jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 da 70, mata 'yan'uwanta za a tambaya ko haila ce. Hukuncin yana burge ni, domin ya mayar da sanin jikin mace hannun mata. Sai dai abin da ke gaban malaman shi ne tsarki da salla da idda. Zufar dare da rashin barci ba su shiga babin ba, aka bar su a ɗakin tsofaffi, inda amsar takan kasance: girma ne ya zo, ki yi haƙuri.

A birnin Faris wani likita mai suna Charles de Gardanne ya rubuta littafi kan wannan zango na rayuwar mace a 1816, sannan a bugun 1821 ya daidaita kalmar da Turawa ke amfani da ita har yau, wadda ya harhaɗa daga kalmomin Girkanci biyu, wata da tsayawa. Fahimtar wancan zamani mai sauƙi ce. Jinin da ya saba fita duk wata ya rasa ƙofa, ya taru a jiki, ya haura ka, shi ya sa fuska ke yin zafi, barci ya ƙaurace, rai ya riƙa ɓaci ba dalili. Tun da jini ne ya yi yawa, sai a rage shi. Aka riƙa tsaga jijiya, ana ɗora wa mata matsattsaku, ana ba su maganin wankin ciki. Kada ki yi musu dariya da yawa. Wadda ta kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya don ya zuƙe mataccen jinin da al'ada ta bari, a kan wannan tunanin take tafiya, kuma yanzu an tabbatar babu wani jini da ke taruwa. Mahaifa ce ta daina gina shimfiɗar da take zubarwa duk wata.

A Landan, Edward Tilt ya fitar da littafinsa a 1857 bisa bayanan mata 500 da ya duba. Ya cancanci yabo a kan abu guda: ya zauna ya saurare su, ya ƙirga mai zufa da mai ciwon kai da mai rashin barci. Amma da aka zo magani, shi ma rage jini ya yi, ya haɗa da magungunan sa maye da kwantar da jijiya. Daga wannan zamani hanya ta rabu biyu, kuma hanyar farko ita ce ta danne mace ta yi shiru.

Kowane ƙarni da ƙwayarsa. Aka yi yayin gishirin buromaid, aka shiga kuloral a 1869, sai dangin babiturat daga 1903, waɗanda ɗan ƙari kaɗan a kan ƙa'ida yake kai mutum lahira. A 1963 Valium ya fito, ya zama maganin da aka fi rubutawa a Amurka tsawon shekarun 1970, kuma mata masu matsakaicin shekaru suna cikin manyan masu shan sa. Mace ta je ta ce ba ta barci, a ce jijiyoyinta ne, ko kaɗaicin tashin 'ya'ya, a miƙa mata takarda. Kowane ɗaya daga cikin magungunan nan an karɓe shi da murna a matsayin wanda ya fi na baya aminci, sannan bayan shekaru aka gane jiki yana sabawa da shi, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, ranar da aka daina kuma rashin barcin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Irin waɗannan ƙwayoyi su ne diyazefam da Lexotan da ake miƙo miki a kemis a ƙulle cikin 'yar leda. Ba sa taɓa zafin da ke tashin ki. Suna dusashe farkawar ne kawai, ga wadda ta manyanta kuma suna jawo jiri da faɗuwa a hanyar banɗaki, a daidai shekarun da ƙashi ya fara rauni.

Hanya ta biyu ta fi kusa da gaskiya, ko da yake ita ma ta yi tuntuɓe. A shekarun 1890 likitoci a Jamus suka fara zargin cewa ma'ajiyar ƙwan mace tana zuba wani abu a cikin jini, har suka riƙa ba mata busasshiyar ma'ajiyar ƙwan shanu su ci. A 1929 Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a ɗakin bincikensa, suka tace sinadarin daga fitsarin mata masu ciki. Shi ne istirojin. A 1942 aka amince da sayar da Premarin a Amurka, ƙwayar istirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, kuma sunan ma daga nan aka yanko shi. Maganin ya yi aiki. Matan da suka shekara suna sauya zanin gado cikin dare suka yi barci har safe.

Da an tsaya a nan, da labarin ya yi daɗi. Sai a 1966 wani likitan mata a birnin New York, Robert Wilson, ya wallafa Feminine Forever, inda ya kira ɗaukewar al'ada cuta irin ta ƙarancin sinadari, ya ce kowace mace ta sha istirojin har ƙarshen ranta idan tana son ta ci gaba da zama mace. Littafin ya yi kasuwa, daga baya kuma ta bayyana cewa kamfanonin magani suna tallafa wa gidauniyarsa. A Disambar 1975 bincike biyu suka fito a rana guda, suka nuna cewa istirojin shi kaɗai yana ninka haɗarin sankarar cikin mahaifa sau da yawa. Mata suka gudu. Aka gano cewa idan an haɗa shi da sinadari na biyu, dangin furojestaron, mahaifa tana tsira, sai mata suka dawo a shekarun 1980 da 1990. A wannan karon har da waɗanda babu abin da ke damun su, domin an ce musu yana kare zuciya.

Kafin mu kai ga abin da ya rushe wannan gini, bari mu leƙa wani ɗaki na dabam. An daɗe babu wanda ya kalli barcin matan da idonsa. Ilimin barci kansa jariri ne: sai a 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago cewa a cikin barci akwai zangon da ido ke motsi da sauri ana mafarki. A 1981 masu bincike a Los Angeles suka kwantar da mata a ɗakin gwaji, suka manna musu wayoyi a ka da fata, suka ga kusan duk tasowar zafi tana tafe da farkawa. A karon farko na'ura ta shaidi abin da mata suka daɗe suna faɗa ana cewa raki ne.

Robert Freedman na Jami'ar Wayne da ke Detroit ya ƙara haske. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke lura da ɗumin jiki. A ƙa'ida akwai 'yar tazara tsakanin ɗumin da zai sa ki zufa da sanyin da zai sa ki karkarwa. Freedman ya auna ya ga cewa a jikin matan da ke fama da tasowar zafi tazarar ta ƙuntata har kusan babu ita, ta yadda ɗan ɗumin da da ba za ki ji shi ba ya isa ya sa ƙwaƙwalwa ta buɗe jijiyoyin fata ta saki zufa. Shi da abokin aikinsa Timothy Roehrs sun kuma ga cewa zafin ya fi tashin mace a rabin farko na dare, kuma sanyaya ɗaki yana rage shi a wannan rabin. Ki auna wannan da daren bazara a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, ƙarƙashin rufin kwano, an ɗauke wuta. Jiki ba ya shiga barci sai ɗuminsa na ciki ya ɗan sauka. Saboda haka watsa ruwa kafin kwanciya, rigar auduga marar nauyi, kofin ruwan randa kusa da gado, shimfiɗa a inda iska ke ratsawa, duk suna da hujja a bayansu. Gidan sauro dai kada zafi ya sa ki yar da shi.

Yanzu mu koma ga rushewar. A Yulin 2002 aka dakatar da wani sashe na babban binciken gwamnatin Amurka da aka fi sani da WHI, mai mata 16,608, kafin wa'adinsa. Jaridu suka buga cewa maganin yana ƙara haɗarin sankarar mama da kashi 26 cikin ɗari. Miliyoyin mata suka zubar da ƙwayoyinsu, wasu a ranar da suka ji labari, zufar dare ta dawo musu cikin makonni, likitoci kuma suka ji tsoron rubuta shi har ga wadda ke kuka a gabansu. Tsoron ya ƙetare teku, ya shiga azuzuwan koyar da likitanci a ko'ina.

Ga abin da kanun labarai ba su ɗauko ba. Kashi 26 ɗin nan, idan aka mayar da shi kawunan mutane, yana nufin a cikin mata 10,000 a shekara guda an samu 38 da sankarar mama maimakon 30. An kuma samu ƙarin mata 8 da shanyewar ɓarin jiki, 8 da gudan jini a huhu, 7 da ciwon zuciya, sannan aka samu raguwar karayar ƙugu da sankarar hanji. Waɗannan rayuka ne na gaske, babu mai raina su. Amma matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun yi shekara goma ko fiye da yanke al'ada, kuma an tsara binciken ne don a ga ko maganin yana kare tsofaffi daga ciwon zuciya. Tambayar mace mai shekara 50 da zufa ta hana barci tambaya ce dabam. Ɗaya sashen binciken, na matan da aka cire wa mahaifa suna shan istirojin kaɗai, bai nuna ƙarin sankarar mama ba. Da aka sake tace alƙaluman bisa shekaru, manyan ƙungiyoyin likitocin mata suka tsaya a kan cewa ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da yanke al'ada ba, kuma zafin yana azabtar da ita, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa. Sharaɗin shi ne ba ta taɓa yin sankarar mama, ko gudan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani ba, kuma idan mahaifarta tana nan dole a haɗa mata da furojestaron. A ganina Wilson ya cuci mata da ya ce kowa ta sha, kanun labaran 2002 kuma suka cuce su ta ɗaya gefen. Wannan hukunci ne da likitan mata zai yanke tare da ke bayan ya auna hawan jininki ya ji tarihin danginki, ba abin da za ki aika yaro ya sayo ba.

Wani abin kirki ya fito daga wannan ruɗani: an koma neman wasu hanyoyi, an kuma ci gaba da bin mata shekara da shekaru ana rubuta abin da ke faruwa da su. Binciken SWAN, wanda ya fara bin mata 3,302 a 1996, ya bayar da rahoto a 2015 cewa ga matan da zafin ke yawan taso musu, matsakaicin tsawonsa shekara 7.4 ne, ga baƙaƙen matan Amurka kuwa ya haura shekara 10. Duk wanda ya ce miki abin 'yan watanni ne ki daure, bai ga waɗannan alƙaluma ba.

A Jami'ar Arizona kuma wata likita mai binciken ƙwaƙwalwa, Naomi Rance, ta lura tun farkon shekarun 1990 cewa wasu ƙwayoyin jijiya a wancan sashe mai lura da ɗumi sun kumbura a ƙwaƙwalen matan da suka rasu bayan yanke al'ada. Ta shafe fiye da shekara ashirin tana bin sawunsu, har aka gane cewa istirojin ne linzaminsu, idan ya janye sai su yi ta aika saƙon zafi na ƙarya. Daga aikinta aka ƙera fezolinetan, maganin da ke toshe saƙon ba tare da homon ba, wanda Amurka ta amince da shi a Mayun 2023. Ya fito a kan dala 550 a wata, kuma a ƙarshen 2024 aka ƙara masa gargaɗi mai ƙarfi game da hanta. Tsofaffin magunguna masu araha, irin wasu na ciwon damuwa a ƙaramin awo, su ma suna rage zafin, a hannun likita.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk tarihin nan bai shafi ƙwaya ba. A 2016 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Seattle da mata 106 masu rashin barci da tasowar zafi. An koya wa rabinsu dabarun gyara barci ta wayar tarho, zama shida cikin mako takwas. Yawan tasowar zafinsu bai sauya ba, amma barcinsu ya gyaru sosai, gyaran kuma ya ɗore bayan watanni. Dalili shi ne zafi ne ke tashin ki, amma abin da ke hana ki komawa sau da yawa sabo ne: bayan watanni na juye-juye, ƙwaƙwalwa ta haddace cewa gado wurin tunani ne da fargaba. Dabarun sun samo asali daga aikin Richard Bootzin a 1972 da na Arthur Spielman a 1987, kuma suna da ɗaci a makon farko. Kada ki kwanta sai barci ya kama ki da gaske. Idan kin farka kin kai kamar minti ashirin ido biyu, ki sauka daga gadon, ki zauna a wuri mai ƙarancin haske, ki ja carbi ko ki yi nafila, ki bar waya a inda take, sai barci ya dawo ki koma. Ki tashi a lokaci guda kullum ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, kuma a nan sallar asuba ta riga ta yi miki rabin aikin. Inda gizo ke saƙa shi ne dogon barcin hantsi da ƙailular da ke kai wa la'asar, domin su ne ke cinye barcin daren gobe. Goro da shayi da kofi kuma su tsaya daga azahar.

Saura abu guda, wanda shekara ɗari biyu aka yi ana tsallake shi. A 2007 Freedman da Roehrs suka kwantar da mata 102 masu kukan rashin barci a wannan zango, suka tarar kashi 53 cikin ɗari suna da wata cutar barci dabam: ko numfashinsu yana ɗaukewa cikin barci, ko ƙafafunsu ba sa natsuwa, ko duka biyun. An daɗe ana ɗaukar ɗaukewar numfashi cutar maza masu ƙiba, alhali bayan yanke al'ada haɗarinta ga mace yana ninkuwa, tana kuma tafe da hawan jini. Istirojin ba ya warkar da ita, ƙwayar barci kuwa tana iya ƙara ta. Rashin natsuwar ƙafafu, wato jin kamar kiyashi na yawo a cikin ƙwauri sai kin motsa, sau da yawa yana da nasaba da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, abin da ba baƙo ba ne ga macen da ta haihu da yawa ko al'adarta ta riƙa zuba da yawa kafin ta ɗauke.

Don haka idan za ki asibiti, kada ki tsaya a kan cewa ba kya barci. Ki yi mako biyu kina lura: zafi ne ke tashin ki ko fitsari, ko ciwon gwiwa, ko baƙin cikin da ba ki san mafarinsa ba? Yawan fitsarin dare yana sa a duba suga. Zufar dare da ke tare da zazzaɓi, ko tarin da ya wuce mako biyu, ko rama, tana bukatar gwajin tarin fuka kafin a ɗora wa shekaru laifi. Akasin haka ma yana faruwa, mace ta yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro wata bayan wata ba tare da gwaji ba, alhali zafin nata na ɗaukewar al'ada ne. Jinin da ya dawo bayan kin cika wata 12 ba ki gani ba, ko ɗigo ne, bayan kin tambayi hukuncinsa ki kai shi gaban likita a makon.

Kai kuma maigida, akwai shaidar da kai kaɗai kake da ita. Ita ba ta jin minsharinta. Idan kana jin ta tana minshari, sai ta yi tsit kamar numfashi ya tsaya, sannan ta fizgo shi da ƙarfi, ka lura sau nawa hakan ke faruwa a dare, ka raka ta asibiti, ka faɗa wa likita da bakinka.